Wanda Ya Sa Hannu a Akushina

Na Allah ne mu, kuma can wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya bayan an gama kai hatsi rumbu, yana kwance a ɗakinsa a tsohuwar unguwarmu, nan cikin Tawa. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ya rage mini a cikin manya. Na zauna a tabarmar makokinsa na saurari abin da ake faɗa a kansa, sai na ga in na yi shiru za a rufe rabin mutumin tare da gawarsa.

Jama'a ta zo, ba laifi. Mutanen Kalfu, inda gonarsa take, sun iso a kan jakuna tun da hantsi. Wata tsohuwa ta tako daga Barmu da sandarta, ta ce ita sai ta ga inda ya kwanta. Liman ya ce marigayin mai son mutane ne. Wanzamin unguwa ya ce bai taɓa aske kan da ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar nasa ba, domin ko aska na bisa wuyansa sai ya juya ya gaida mai wucewa. Aka fara dariya, sannan aka tuna inda ake, aka haɗiye ta. Wani Buzu da jama'a ba su gane ba ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, ya shafa fatiha ya tashi. Daga cikin gida kuwa muryar Inna, matar Kawu, ke fitowa, ba kuka take ba, tambaya ɗaya take ta yi wa matan da suka kewaye ta: "To yanzu da wa za ni hwaɗa?"

Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da kowa ya gani a wurin, ba wanda ya ambata. Mai gaisuwar mutuwa yakan bi dangi ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa hannu, ya ce ya haƙuri. Ina zaune a gefen Yaya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke aikin komi, wato akawu, a biron gwamnati. Sai su kama hannunsa su riƙe, su yi ta addu'a. In an zo kaina, wannan tari ya sarƙe shi, wancan ya tuna bai san inda ya ajiye takalminsa ba, mai ƙarfin halin cikinsu ya faɗa wa tabarmar da nake zaune a kai gaisuwarsa. Shugaban parti na unguwa, na jam'iyya mai mulki, yana can gefe guda da carbi a hannu, bakinsa na motsi, idonsa na kan hannuwan mutane. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba, amma ban yi mamaki ba.

Ni tela ne, kekena na bakin kasuwa. A shekarun nan na bayan ƴancin kai, da aka haramta ɗaya jam'iyyar aka shiga kame, wani baƙo ya kawo mini yadi na ɗinka masa riga da wando, ya karɓa ya yi gaba. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Ashe ana nemansa. Da aka kama shi wajen iyaka aka matsa masa ya faɗi wanda ya sani a Tawa, sai ya ce tela. Jandarmomi suka zo suka same ni da zare a baki. Damina guda ta wuce ina gidan kaso, kuma abin da na gani a can ba zan sa shi a cikin ta'aziyyar Kawu ba. Wata safiya aka buɗe ƙofa aka ce in tafi. Ba a ce na yi laifi ba, ba a kuma ce ban yi ba, aka bar wa mutanen gari su zaɓa.

A unguwarmu magidanci ba ya cin tuwon dare a ɗaki. Da an sallame magariba kowa zai ɗauko akushinsa ya kawo garkar liman, wato filin ƙofar gidansa, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Wannan ita ce ciyayya. Nan ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa ke neman aron jaki, rijiyar wa ta ƙafe. Wanda ba a gani ba a wurin, ko dai ba ya gari ko ba shi da lafiya. Tun ina kaso da ita nake mafarki, fiye da yadda nake mafarkin gadona.

Ranar da na dawo na yi wanka, na sa riga mai tsabta, na ɗauki akushina na fita. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na zauna. Wanzami ya ce ya bar akuya ba a ɗaure ba. Mahauci ya ce cikinsa tun rana ba daidai yake ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, kowa da akushinsa, har ya rage daga ni sai liman, shi ma ya ce bari ya sabunta alwala, ya shige gida bai sake fitowa ba. Na zauna da tuwona a gabana har ya yi sanyi.

Kada wani ya ce mugaye ne. Washegari da magariba sai ga akusa suna shigowa zaurena, a rufe, daga gidan wanzami, daga gidan mahauci, daga gidan liman, har da nama a sama. A ajiye a bakin ƙofa a juya, ba a faɗin daga ina, ni nake gane su da faifan rufi. Yaya ya aiko da damman hatsi, shi da ya riƙe mini iyali duk zamana a kaso, amma ƙafarsa ba ta tako ba. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa samun abinci kamar na lokacin nan ba, kuma ban taɓa ramewa kamar haka ba. In kai loma baki ta ƙi wucewa. Mai ɗakina ma matan maƙwabta sun daina kiran ta daka. Na daina zuwa kasuwa, don ba mai kawo ɗinki. Na kai ga in wuni ban ji muryata ba, har na soma tunanin ko da can ɗin ya fi, inda aƙalla mai gadi ke zagina da sunana.

Kawu ba ya gari lokacin. Al'adarsa ce da ruwan shuka ya sauka ya tare a bukkar gonarsa ta Kalfu, ba ya dawowa sai an ɗaure damma.

Bari in faɗi wane ne shi, don kada a ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kawu mafaɗaci ne, murya gare shi kamar yana kiran wani daga ƙetaren fadama, kuma goro ɗaya sai ya wuni da shi a aljihu bai ɓalla wa kowa ba. A noma kuwa ba gwani ba ne. Gonarsa ce ta ƙarshen shuka, ita ce ta ƙarshen noma, don in ya fito da hauya tun da sassafe sai rana ta take bai kai ba. Duk wanda ya haɗu da shi a hanya sai ya tsayar da shi, ya tambayi gida, ya tambayi mai ciwon ƙafa, ya tambayi saniyar da ta ɓata bara. Inna takan ce da gaisuwa na tsiro da rumbunsu ya fi na sarki. Shi kuma ya ce mata ta tambayi rumbun sarki ko ya taɓa amsa sallama. Haka suke tun kafin a haife ni, kuma in ya yi kwana biyu ba su yi ba sai ta ce ba shi da lafiya.

Sana'arsa ta rani tufkar igiya ce. Yana zaune da kaba a cinya, babban yatsan ƙafarsa riƙe da bakin igiyar, hannu na murza, baki na zuba. Idan aka ce masa an kai wa wane abinci, maras lafiya ne ko baƙo, tambayarsa ɗaya ce: "Wa yaz zamna da shi?" In an ce ba kowa, sai ya ce to ba a kai ba.

Buzun nan da ya zo makoki, ni na gane shi. Wata shekara da ruwa ya yi gardama a arewa ya sauko da raƙumarsa guda, ta mutu masa a bayan gari. Aka ba shi masauki a zauren Kawu, aka kai masa fura, ya ƙi sha. Kawu bai iya Buzanci ba ban da gaisuwa da sunan ruwa. Amma ya ɗauki igiyarsa ya je ya zauna kusa da shi, ya yi masa alama da hannu ya yi magana. Mutumin ya fara, a hankali, can sai ya ɓarke, yana nuna arewa, yana kwatanta tsawon wuyan raƙumar, yana share ido da bakin rawani. Kawu na gyaɗa kai yana cewa "Assha, haka na, haka na." Da ya gama ya jawo ƙwaryar ya shanye. Na tambayi Kawu me ya ce. Ya ce: "Ina na sani? Ai ba ni yaka hwaɗa ma ba, cikinai yaka sauke ma kaya."

To, wannan Kawun ne ya dawo daga Kalfu wata la'asar, bai ko sauke kayan jakinsa ba ya tsaya a ƙofata. Ya shigo zaure ya tarar da akusan jiya a jere, ƙuda na bi. Ya dube su, ya dube ni.

"Wa yam mutu gidan ga?"

"Ba kowa, Kawu."

"To wagga sadakar wa ta?"

Na ba shi labari, gajere, don muryata ta dushe. Bai ce komai a kan kaso ba, ranar nan ko bayanta. Da magariba ta yi ya jawo tabarmata ya fitar da ita waje, ya shimfiɗa a ƙofar gida, daidai inda ƴan ciyayya za su gan mu daga garkar liman, tsakaninmu faɗin hanya kawai. Ya ɗaga muryar nan tasa.

"Tela, hito da akushinka. Ni ba ni cin tuwo cikin duhu awa ɓarawo."

Na ɗauki akushina na fito. Can ƙetare hira ta tsaya cak. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya sa hannu a akushina, ya shiga ba ni labarin wani surukinsa da jaki ya kayar a cikin kasuwar Kalfu. Ina jin idanu a bayan wuyana. Amma ranar nan na ci tuwo har na side yatsa.

Washegari ya yi abin da har yau wasu ba su yafe masa ba. Akusan da aka aiko, ya ɗauke su da kansa, cike kamar yadda suka zo, ya bi gida-gida yana mayarwa. Mayar wa mutum da abincinsa a garin nan ya fi mari zafi. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, da ƙarfi, don na ciki su ji: "Mai wanga, in shina son a ci, shi zo shi ci da mu. In ba shi zuwa, shi riƙe abinai." Liman ya fito ya ce haba, ai alheri ne. Kawu ya ce masa: "Malam, kai ka karanta muna cewa shimhiɗar huska ta hi ta tabarma. Ga shi ko tabarmar ba ku shimhiɗa ba." Daga ranar akusa suka daina zuwa, Kawu kuma bai sake taka garkar liman da akushi ba. Kullum mu biyu a wannan gefe, su a wancan.

Da safe kuma sai ya kora ni kasuwa. Riga ɗaya gare shi ta fita, ita yake kawo mini. Yau aljihu ya ɓalle, gobe wuya ya tsage, kuma na sha ganin tsagar da ba ƙaya ce ta yi ta ba. Ya zauna a bencin shagona da ƴar shara, yana tufka, yana kushe ɗinkina don masu wucewa su ji, wai tun da aka haife ni ban taɓa yin layi madaidaici ba. Kafin rani ya raba rigar nan ta fi faci yawa bisa yadi. Mutanen ƙauye da ba su san labarina ba suka fara tsayawa, ganin shago da mutum a ciki.

Yaya bai ji daɗi ba. Wata rana na kai wa Kawu rigarsa, ina shiga zaure na ji muryoyinsu a tsakar gida, na tsaya.

"Kawu, don Allah ka rage. Sunanmu ɗaya da shi a biro. In anka jehwa ni can gabas cikin rairayi, wa ka ciyad da gidana, wa ka ciyad da nashi? Mi nih hana mishi? Hatsi bai taɓa yanke mishi ba."

"Kaji ma ana watsa musu hatsi."

"Kawu, ka san halin da aka ciki."

"Na sani. An ce tsoro na daji, ku kun ɗauko shi kun kawo gida kun ba shi ɗaki. Ji nan, ɗana. Ba tuwo ɗai ka riƙe mutum ba. Ƙanenka na ishe shi da akushi sun kewaye shi, shina mutuwa tsakiyarsu. Zumunta ga ƙahwa take, ba ga bayan jaki ba."

"In anka kore ni aiki, zumunta za mu ci?"

Yaya ya fito ya tarar da ni a zaure. Muka haɗa ido. Ya leƙa waje ya duba hanya, ya wuce. Na ji haushinsa ƙwarai, ina kuma sane da cewa tuwon da nake ci da hatsinsa aka yi shi.

Ba a daɗe ba shugaban parti ya tako da kansa muna cikin ci. Ya tsaya a kanmu, hannu a baya.

"Tsoho, ana ganinka hwa."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Da ina tsoron na tsuhwa an bar ganina. Bisimilla, zamna."

"Ba ci ya kawo ni ba. Wanda ka zama da mai zargi, shi ma sai a tambaye shi."

"Ɗan ƙanwata na. Ku kunka sako shi, ba ni ba. In akwai laihi ku maida shi, in babu ku bar ni in ci tuwona."

Ya juya ya tafi. Kawu ya ci gaba da gutsura. Amma na lura ya manta inda ya tsaya a labarin da yake ba ni, abin da bai taɓa yi ba.

Cikin bazara, lokacin da duwatsun ƙasarmu ta Adar ke ƙona tafin ƙafa, aka aiko kiran Kawu biro. Aka ce ya tsaya a tsakar fili ya jira. Ya tsaya tun hantsi har la'asar, ba inuwa, ba wanda ya tambaye shi komai, sannan aka ce ya tafi gida. Tagar ɗakin da Yaya ke aiki tana kallon filin nan. Da magariba na ce yau kam ba zai zo ba. Sai ga shi yana jan ƙafa, leɓensa duk ya tsage. Ya sha ruwa ya daɗe yana sha.

"Dut wanda ya shiga biron ga na gaishe shi," ya ce. "Wasu har sun amsa."

Na ce masa ya isa. Na roƙe shi ya koma garkar liman, na ce na warke, ina iya ci ni kaɗai. Ya ce in rufe masa baki in miƙo miya.

Da ruwan shuka ya sauka kowa ya zuba ido ya ga ya ɗaure wa jaki kaya. Bai ɗaure ba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya bar gonar a hannun surukinsa, wanda ba zai taɓa ta ba sai ya gama da tasa. Inna ta yi faɗa na gaske a wannan karon, har ta yi kwanaki ba ta yi masa magana, ta ce a shekarunsu ba a wasa da rumbu. Gaskiyarta ce. Da kaka ta yi, abin da aka kawo daga Kalfu bai kai rabin na bara ba. Kawu ya leƙa rumbun ya ce ai su biyu ne, kuma haƙoransu sun ragu.

Tari ya kama shi ana cikin kai damma, zazzaɓi ya biyo baya. Tun tsayuwar nan ta biro jikinsa bai koma daidai ba, ko da yake in na faɗa sai ya zage ni. Da ya kasa fitowa ni nake ɗaukar akushin in je ɗakinsa, ya taɓa miya da yatsa ya kai baki don dai a ce mun ci tare. Ranar da ta zama ta ƙarshe da ya yi magana sosai, ya kama hannuna.

"Tela, in anka yi sadakar ukku, ɗauki akushinka ka tai garkar liman."

"Tashi za su yi, Kawu."

"Su tashi. Ka koma gobe. Ƙahwa na gajiya."

"Ba ni iyawa."

"Kana iyawa. Wuri guda na yi kure, da nib bar ka da ni ɗai. Tsoho guda ba jama'a ba na. Ga shi za ni tahiya in bar ka inda nis same ka."

Ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba sai ranar. Na fita zaure na yi kuka.

Ranar jana'iza aka ɗauko makara, ana karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, kowa ya sa kafaɗa ya ɗan taka ya ba wani. Na kutsa na sa tawa. Wanzami na gabana, mahauci na gefena, kafaɗarsa na gugar tawa. Na ji jikinsa ya sandare, amma ba a sakin makara, ba a kuma gudu da ita. Haka muka taka tare, ina jin numfashinsa, har aka karɓe mu. Shekara guda ba wanda ya matso ni haka a cikinsu. Na ce a raina, Kawu, ko a kwance ba ka bar su sun huta ba. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sa masa haske, kada ya bar shi da kewa a can, shi da bai bar kowa da ita ba a nan.

Aka yi sadakar uku, baƙi suka watse. Da aka sallame magariba mai ɗakina ta zuba tuwo ta rufe, ta tsaya da akushin a hannu tana kallona.

"Ina za ni aje shi?"

"Miƙo mini shi nan."

Hanyar nan da ke tsakanin ƙofata da garkar liman, yaro ma tsallake biyu zai yi mata. Na ƙetare ta. Suna zaune, akusa a jere. Shugaban parti na cikinsu, don tun da aka fara zaman makoki a nan yake ci. Yaya ma na can bakin tabarma. Gidansa na unguwar ma'aikata, bai riga ya koma ba. Na yi sallama, na ajiye akushina a cikin jerin, na buɗe faifan, na zauna.

Ba wanda ya motsa da farko. Sai wanzami ya ja nasa ya miƙe, bai ko nemi dalili ba. Wani ya bi shi. Mahauci ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya tsaya a haka. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Tururi na tashi daga tuwona, kowa na kallon wani wuri daban.

Sai Yaya ya tashi. Na ce a raina shi ke nan, in shi ya tafi ba wanda zai saura. Ya nufi inda buta take. Ya zuba ruwa ya wanke hannunsa na dama, a hankali, ya yarfe. Ya zagayo ya zauna kusa da ni, ya jawo akushina gabansa.

"Komi," in ji shugaban parti, murya ƙasa-ƙasa, "gobe akwai aiki ko?"

"Akwai," in ji Yaya, bai ɗaga kai ba.

Ya yi bisimilla ya gutsura. Ya kai baki, ya daɗe yana taunawa kamar tuwo na da ƙashi. Mahauci ya sauke gwiwarsa. Ban san abin da za a yi wa Yaya a biro ba, shi ma bai sani ba. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska, ya juyo ya dube ni sosai.

"Wai matar taka, gishiri ya ƙare garin ga na?"

Na so in yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ce. Da ƙyar na ce masa zan faɗa mata.

"Hwaɗa mata," ya ce, ya sake gutsura. "Gobe in na zo sai in ɗanɗana in ji."